Yadda ake gwada koren shayi mai na'a-na'a

Tun ranar da na kai shayin nan majalisarmu ta Ƙofar Soro ake ta damuna wai ya ake haɗa shi kuma ya ake gane mai kyau, to ga shi nan kowa ya huta.

1. Buɗe kwalin ka shinshina. In ƙamshin na'a-na'a bai bugi hancinka ba, ya kwana biyu a shago.
2. Ɗauraye kofi sosai, kar warin madarar safe ya shiga.
3. Tafasa ruwa.
4. Sauke shi ya huce kamar minti 3. Nan fa ake kwafsawa! Ruwa na tafarfasa ka zuba, sai ɗaci kamar maɗaci, ka zo kana zagin mai shago.
5. Saka jaka ɗaya a kofin.
6. Zuba ruwan ka rufe da faranti.
7. Bayan minti 2 ko 3 cire jakar, banda matsewa.
8. Duba kala. Kore-kore mai haske ake so.
9. Kurɓa ba sukari tukunna. Mai kyau za ka ji sanyi-sanyi a maƙogwaro amma ɗanɗanon ganyen na nan, wani kuwa wallahi kamar ka sha makilin.
10. Yanzu sa sukarinka. Ni dai rabin cokali ya isheni.