Darasi na 6: Kumfa a Tankin Kifin Teku

Mai kiwon kifin teku a gida, ko a unguwar Nima yake ko a Sabon Zongo a Accra, wata rana zai tashi ya tarar ruwan tankinsa ya yi fari kamar an ɗiga madara. Ba datti ba ne, ƙananan kumfa ne na iska. Gishiri yana hana su haɗuwa su girma su fashe, shi ya sa suke daɗewa a ruwan gishiri fiye da ruwan daɗi.

Kada ka yi saurin sayen magani. Nemo ta inda iskar take shiga. Kashe na'urorinka ɗaya bayan ɗaya, kana jiran minti 10 a tsakani. Wadda ka kashe ruwa ya washe, ita ce mai laifi.

Galibi ƙarancin ruwa ne. Leƙa ƙaramin tankin da ke ƙasa, inda famfo yake zaune. Kullum ruwa yana raguwa, balle da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ko idan kana hura masa fanka don zafin Accra kada ya kai shi sama da digiri 26. Da ruwa ya ja baya, famfo sai ya zuƙi iska ya niƙe ta ya watso cikin tanki. Za ka ji yana ƙara irin ta mai tsotsar ƙarshen ruwan leda. Ja layi da alƙalamin maka a jikin gilashi, yatsu huɗu sama da bakin famfo, ka riƙa cikawa zuwa nan kowace safiya. Ruwan cikon ya zama na daɗi, tatacce, marar kilorin. Ruwa ne ya tafi, gishirin yana nan. A nan mutane da yawa ke kuskure: su ƙara ruwan gishiri, ma'aunin gishiri ya haura 1.025, wato wajen giram 35 a kowace lita, kifi ya wahala a banza.

Sai sikima, na'urar da ke tsame datti da kumfa. Sabuwa takan fesar da kumfa mako 1 zuwa 2 kafin ta zauna. Sa soso a bakin da ruwa ke fita, ka wanke shi duk kwana 3.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne mahaɗar bututu da ke kafin famfo, ɓangaren da yake jan ruwa. Ba za ka ga ɗigo ba, domin kafar shigar da iska take yi. Naɗe mahaɗa da leda tam, ɗaya-ɗaya. Inda kumfa ta tsaya, nan ne. Kwance ta, ka sake naɗa farin tef a zaren, ko ka sa gam ɗin bututu ka bar shi awa 24 ya bushe.

Bayan dumsor kuwa, wato ɗaukewar wutar lantarki, in wuta ta dawo, kumfar 'yan mintoci ba komai ba ce. In ta wuce rabin awa, karkata famfon cikin ruwa iskar da ta maƙale ta fita.

Kumfar da ke mannewa a dutse da yashi da la'asar, ta ɓace da safe, aikin gansakuka ce. Rage hasken fitila zuwa awa 8, rage abinci, ka canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako. Amma ba da ruwan bakin tafkin Korle na Accra ba, ƙazantarsa ta yi yawa. Haɗa naka da gishirin tanki, ba na miya ba.

Idan ka ga kumfa a cikin idon kifi ko a fatar fikafikansa, wannan ciwo ne: iska ta narke a ruwa fiye da kima ta shiga jininsa. Kashe famfon da ke zuƙar iska nan take, ka juya ƙaramin injin motsa ruwa ya riƙa kaɗa saman tanki har sai ka gyara mahaɗar.