Yadda Ake Zaɓen Sabon Bugu na Tsofaffin Faifan Kenny Burrell

Kenny Burrell makaɗin jita ne na jaz, haifaffen Detroit a Amurka a 1931, wanda ya fara shiga ɗakin naɗar sauti tare da mai busa ƙahon jaz Dizzy Gillespie a 1951. Faifansa ɗaya kan fito a bugu iri-iri, kuma ba duka ne suka cancanci kuɗinka ba. Ga yadda za ka tantance.

Da farko, tsayar da faifan da kake nema. In sabon shiga ne kai, fara da Midnight Blue, wanda aka naɗa a watan Janairun 1963 a ɗakin naɗar sauti na injiniya Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs, jihar New Jersey. Babu fiyano a cikinsa, sai jita, da saksofon ɗin Stanley Turrentine, da gangar konga ta Ray Barretto, da bas da ganguna. Rashin fiyanon nan ya bar fili, shi ya sa bugu marar kyau ba ya iya ɓoye aibinsa a nan.

Na biyu, kuma nan ne gizo ke saƙar: juya bayan kwali ka ga wane kamfani ne ya buga. Asalin zaren da aka naɗi sautin yana hannun mai haƙƙinsa, wato kamfanin Blue Note ga wannan faifan. A Turai, naɗe-naɗen da suka fito kafin 1963 sun fita daga kariyar haƙƙin mallaka, don haka kowa na iya buga faifai irin Introducing Kenny Burrell na 1956 ba tare da ya taɓa ganin zaren asali ba. Irin waɗannan su ne masu arha, kwali na sheƙi, sauti kuwa sau da yawa kwafin kwafi ne. In ba ka ga sunan kamfanin asali ba, ko bayanin inda aka ɗauko sautin, ajiye shi.

Na uku, nemi sunan wanda ya sake gyara sautin. Bugun CD na Midnight Blue na 1999 Van Gelder ne da kansa ya gyara shi, kuma an ƙara waƙoƙi biyu da babu su a faifan farko, "Kenny's Sound" da "K Twist". A faifan garmaho kuma, Blue Note na da jeri biyu, Tone Poet da Classic Vinyl, injiniyan sauti Kevin Gray ne ke yanka su daga zaren asali. Tone Poet ya fi tsada saboda kwalinsa mai kauri da hotuna. Ni dai in kunne kawai zan bi, Classic Vinyl ya ishe ni.

Kada nauyin faifai ya ruɗe ka. Giram 180 da ake rubutawa a gaba nauyin roba ne kurum, ba shaidar sauti ba.

Na huɗu, duba lambar faifan. Bugun farko na Midnight Blue BLP 4123 ne a mono, BST 84123 a sitiriyo. Shafin Discogs na jera bugu-bugun kowane faifai da shekara da ƙasa, sai ka kwatanta da abin da mai sayarwa ya faɗa maka.

Sannan ka saurara kafin ka biya, in da hali. Sa waƙar farko, "Chitlins con Carne", ka kasa kunne wajen farkonta. Ya kamata ka ji tafin Barretto na sauka kan fata, bas ɗin Major Holley na fita tsinke-tsinke ba gurnani ba, jitar kuma da ɗumi, ba kaifi mai soke kunne ba. In kana da bugu biyu a gabanka, daidaita ƙararsu tukuna, don wanda ya fi ƙara kan yaudari kunne a ce ya fi kyau.