Yadda za ka lissafa kuɗin babban kabul na kuran kafin ka fara gini

Masu gini a Yamai da yawa in sun zauna yin devi, wato lissafin kuɗin aiki, sai su ƙirga siminti da ƙarfe da bulo tsaf, amma wajen kuran sai dai su ƙirga ampul da priz su wuce. To malam, babban kabul ɗin da ke ɗauko wuta daga kontar NIGELEC ya kai ta tablo, wato akwatin da ke raba wuta cikin gida, da wanda ke tashi daga wannan tablo zuwa ƙaramin tablo na bene ko ɗakunan baya ko pompin foraj, shi ne ke cin kuɗi, kuma da mita ake sayensa.

Fara da awo. Kar ka ɗauki tsawon da ke kan plan kai tsaye, bi hanyar da kabul ɗin zai bi da gaske, ya zagaya katanga, ya sauka rami, ya hau bango, sannan ka ƙara ɗan rara na ɗauri a bakin kowane tablo. Ni ina ƙara kashi 10 cikin ɗari, don haɗi a cikin ƙasa masifa ne, damina ɗaya ruwa ya same shi.

Sai kauri, nan ne aikin yake. Tara duk abin da zai ja wuta, kilim nawa, firigo, pompi, na'urar dafa ruwa, ka san ampa nawa ke nan, kuma waya biyu ce ta 220 ko huɗu ta 380. Kabul in ya yi nisa wuta na raguwa a hanya, ƙa'idar Faransa NF C 15-100 da masu aikin kuran namu suka saba da ita ta ce raguwar kar ta wuce kashi 3 cikin ɗari ga fitilu, kashi 5 ga sauran kaya. Misali ampa 30 a nisan mita 60 kan 220: kabul ɗin jan ƙarfe mai kaurin 6 (milimita murabba'i) zai zubar da wajen bolt 13, ya wuce iyaka ke nan tunda kashi 5 na 220 bolt 11 ne, mai 10 wajen bolt 8, mai 16 wajen bolt 5. Ka ga nisa kaɗai ya canza maka devi. Ga kuma zafinmu, lissafin da ke cikin takardu na digiri 30 ne, mu kuwa watan Afrilu ana kai 45, balle Tawa, kabul ba ya ɗaukar abin da aka rubuta masa a wannan zafi, dole a ƙara kauri.

Alminiyom ya fi sauƙin kuɗi amma sai an ƙara masa kauri fiye da rabi kafin ya yi aikin jan ƙarfe, kuma bakin ɗaurinsa na son kayan da aka yi dominsa. A kasuwar Katako dai ka ce a yanka maka bakin kabul ka gani da idonka, akwai wanda jan ƙarfen fenti ne kawai a sama.

A cikin devi kowane babban kabul ya samu layinsa daban: daga ina zuwa ina, kauri, mita nawa. A ƙasa a sa kuɗin tonon rami, yashi, tiyo, jar ragar gargaɗi, wayar ƙasa, dizonkter mai yanke wuta in ta yi yawa, da ladan masu jan kabul. In mai aikin ya dunƙule maka komai ya ce jika kaza ne, ce masa ya warware. Kuma in kana da niyyar ƙara bene ko sa gurup, wato injin ba da wuta, nan gaba, sa tiyo mai faɗi tun yanzu kafin mason ya zuba dal.