Yadda za ku buga jarida ɗalibai su karanta, ba mai ƙosai ta ƙunshe kaya da ita ba

Ƙanena da ke ABU ya zo min wai shi da abokansa za su fara buga jaridar ɗalibai a Samaru, na ce zauna tukuna ka ji yadda ta kaya a Biyetnam. Can fa suna da manyan jaridu irin su Tuoi Tre, wadda tun 1975 take fitowa a birnin Ho Chi Minh, sunanta ma ƙuruciya yake nufi. Amma intanet ya shiga ƙasar a 1997, jaridar VnExpress ta zo a 2001 babu takarda ko ɗaya, sai ga Facebook da Zalo (manhajar hirarsu ta can, kamar WhatsApp) da TikTok, ɗalibi yana kwance a hostal ya riga ya ga labarin tun daren jiya, to me zai kai shi wajen mai jarida da safe ya biya kuɗi? Ga shi jaridun can duk a hannun hukuma suke.

Don haka farko dai kar ku yi tsere da waya, wallahi ba za ku kamo ta ba. Ku fito mako-mako, shafi 4 ya isa.

Abin da za ku zuba ciki shi ne aikin. Labarin Abuja ku bar wa su Aminiya, ku ku je ku tambayo nawa ake kama ɗaki bana a Samaru da Palladan, wane gida ne rijiyarsa ba ta ƙafewa da bazara, ƙarfe nawa ya kamata mutum ya fito in yana da lacca a harabar ABU ta Kongo. Ku zauna da tsohon mai gyaran takalmi da ya ga ɗalibai kala-kala ku ji bakinsa, ku sa hotonsa in ya yarda, shi da kansa zai yi muku talla.

Sai kuɗi, kar ya wuce na kofin shayi. Nan Zariya aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kun ga farashin ma a cikin sunan yake. Masu fotokofi da masu abinci ku nemi tallansu su ɗauke kuɗin bugu.

Kar kuma ku jibge ta a ofis kuna jiran masu saye. Ku kai teburin mai shayi da bakin masallaci ranar Juma'a, ku tura hoton shafin farko kawai a guruf ɗin WhatsApp na aji, wanda ke son sauran ya biyo ku.