Ɗakin kwana mai lungu: kurakuran da aka fi yi a tsarin feng shui

A harshen Sinanci, feng shui na nufin iska da ruwa, kuma suna ne na ilimin tsara gida da kayan cikinsa. Masu wannan ilimi a ƙasar Sin sun yi imanin cewa akwai wani ƙarfi da suke kira chi, yana yawo a cikin gida, kuma ya fi son ɗaki mai kusurwa huɗu daidai. Ɗaki mai siffar harafin L, ko mai karkataccen silin, shi ne ke ba su aiki, kuma a nan ake yawan yin kuskure.

Babban kuskure shi ne a fara da fenti da kayan ado, a bar gado sai ƙarshe, a cusa shi cikin lungun da ya rage. Gado ake fara nema wa wuri. Ka sa shi inda mai kwanciya zai ga ƙofa ba tare da ƙafafunsa sun miƙe suna kallonta ba. Sinawa na ƙyamar wannan kwanciyar, domin haka ake fitar da gawa, ƙafa a gaba. Kan gado ya jingina da bango mai ƙarfi, ba taga ba. Ko da ba ka yarda da batun chi ba, ni na ga hikimar: mutum ya fi samun barci idan bayansa a rufe yake kuma yana ganin mai shigowa.

Sai kusurwar bango da ta fito tana nuna gado. Masu feng shui na kiranta kibiya mai dafi. Irin wannan zargi aka yi wa dogon ginin Bankin Sin da ke Hong Kong, wanda aka buɗe a 1990, saboda kaifin gefunansa. A ɗaki, ba sai an rushe komai ba. Kafinta ya zagaye kusurwar da katako, ko ya gina wadirob daga can zuwa bango har ɗakin ya zama murabba'i a ido. Lungun L ɗin kuma a raba shi da labule, ya zama wurin sa kaya ko karatu.

Wasu na jin cewa madubi yana cike kusurwar da ta ɓace a ɗaki mai siffar L, sai su manna babba yana kallon gado. A tsarin, madubi bai kamata ya nuna mai barci ba. A sa shi a cikin ƙofar wadirob.

Bim ɗin kankare, wato ginshiƙin da ke kwance a sama, da ya ratsa saman gado, ko silin da ya sauko a kan kai, a gusa gadon daga ƙarƙashinsa. Idan wuri ya ƙi, a rufe bim ɗin da wani silin a ƙarƙashinsa. Abin da nake roƙo a guje masa shi ne fasa bim ko bango don neman siffa mai kyau ba tare da injiniya ya duba ba, domin sau da yawa su ne ke ɗauke da nauyin benen da ke sama.