Masu huda kapo don inji ya sha iska

Ƴan uwa masu Hilux da Land Cruiser a nan Damagaram, in za ku huda kapo, wato murfin inji, don zafi ya fita, ku sa tagogin can gaba, bayan lagireto kaɗan.
Kada ku kai su gindin gilashi. In mota na gudu, iska tana taruwa a wurin, sai ta danna ciki maimakon zafi ya fita.

Amfaninsu yana fitowa ne cikin rairayi, inda inji ke nishi da ƙaramin giya, iska kuma ba ta shiga ta gaba.

Ku kauce wa saman batir da dinamo, saboda ruwan Agusta.
In kuwa lagireto ya toshe da ƙura, huda ba ta magani, wanki yake so.