Darasi na Shida: Amosanin Kai

Ka sa riga mai duhu, ka ɗan sosa kai, sai ka ga kafaɗarka ta yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Amosani ke nan. Kusan rabin manya suna fama da shi. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Fatar kai takan sabunta kanta kusan duk wata guda, tsohuwar ta zube ba a lura ba. To, akwai wata ƙwaya dangin fumfuna, sunanta Malassezia, da ke zaune a kan kowa tana cin maiƙon fata. Fatar wasu ba ta jure mata, sai ta riƙa saɓa da gaggawa, ɓawon ya dunƙule ya fito fili, ga ƙaiƙayi.

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Da sun ga fari sai su ce bushewa ce, su lafta mai. Man yakan kwantar da ɓawon ya ɓoye shi na ɗan lokaci, amma sau da yawa abinci aka ƙara wa ƙwayar.

Maganinsa shamfu ne na musamman. Duba jikin kwalbar ka nemi ɗaya daga cikin waɗannan sunaye: Ketoconazole, Selenium sulphide ko Zinc pyrithione. Jiƙa kai, ka tsaga gashi, ka shafa shi a kan fatar kanta, domin can ciwon yake, ba a gashi ba. Murza da tsokar yatsu, ban da farce. Sannan ka dakata minti 5 kafin ka ɗauraye. Wannan jiran shi ne rabin maganin. Wanda ya wanke nan take ya zubar da kuɗinsa ne kawai. Yi haka sau 2 a mako, har mako 4. In ya lafa, ci gaba sau 1 a mako ko duk bayan mako 2, don amosani ba ya rasa hanyar dawowa.

Amma ba kowane ƙaiƙayi ne amosani ba. Idan yaro ne, ka ga gashinsa ya karye ya bar fili a zagaye, wataƙila makero ne. Shi ana ɗauka ta mataji da aska, kuma shamfu kaɗai ba ya kashe shi, sai an sha magani na makonni. Haka in fatar ta kumbura, tana ruwa ko mugunya, ko ɓawon ya yi kauri ya gangaro gira da bayan kunne, ko an yi wata guda babu sauƙi, a je asibiti a duba.

Aikin gida: samo kwalbar shamfu, ka kwafi sunan maganin da ke jikinta a littafinka, ka zo da shi aji mu karanta tare.